Ko Farce Ko Gida

"Dakata! Na ce ka dakata!"

Muryar Baba Bastián ta tsaga ɗakin taron kamar an fasa tulu a kan dutse. Dattijon da ake kira Don Casimiro, tsohon mai raba wasiƙu wanda sai da ya yi ritaya sannan ya fara koyon jita, ya ƙame a kan kujerarsa, yatsu a kan tsirkiya, baki a sake. Mutum arba'in suka waiwaya lokaci guda. Matan da ke fifita saboda zafin tsakar rana suka tsayar da hannu.

Regla tana tsaye a bakin labule, kuma tun kafin mahaifinta, Baba Bastián, ya miƙe ta san ta faru ta ƙare. A bugu na uku ta gane abin da ɗalibinta yake kaɗawa. Ba ya cikin jerin da suka tsara. Taken Kaka Frasco ne.

Wata takwas ta yi tana lallaɓa mahaifinta kafin ya yarda ya zo bikin ƙarshen shekara na 'yar makarantar kiɗan da take aiki. A saninsa tafi take koya wa 'yan mata masu rawar filamenko. Bai san jita take koyarwa ba. Bai san saura kwana tara ta tafi Córdoba jarrabawar samun takardar malanta ba. Bai kuma san Eloy ba, mai makarantar, malamin kiɗan da ake karantawa a takarda, wanda ya zo Jerez daga Salamanca shekara uku da suka wuce. Shirinta shi ne a tashi taro lafiya, ran tsoho ya yi fari, ta kamo hannun Eloy ta ce, "Baba, ga shi."

To, ga shi kuwa.

Baba Bastián ya ratsa tsakanin kujeru yana dogara sanda har gaban mai kiɗan.

"Kai, bawan Allah. A ina ka ji wannan?"

"Ban ji ba, yallaɓai," in ji Don Casimiro. "Karantawa na yi. Na ce bari in ba malamata mamaki."

Tsohon ya fizge takardar da ke gabansa. Bai iya karatun kiɗa ba, a gidansu ba wanda ya taɓa buƙatarsa. Abin da ya gani layuka ne biyar-biyar da baƙaƙen ɗige-ɗige kamar kashin ƙuda a kan igiyar shanya. Amma a saman takardar akwai rubutu irin na mutane, shi kuwa ya karanta shi da ƙarfi, kalma bayan kalma.

"Taken Frasco, yadda Regla take kaɗa shi."

Eloy ya tako daga gefe, fuskarsa ta yi fari fat kamar takardar.

"Yallaɓai, ni na rubuta. Ba ta sani ba. Laifin duk..."

"Da kai nake?" Ko kallonsa tsohon bai yi ba. "Ina magana da jinina, payo, bare wanda ba namu ba, yana tsoma min baki. Regla, zo nan. Miƙo hannuwanki. Duka biyun."

Ta miƙa. Na hagu an yanke faratansa har tsoka, kan yatsun ya yi kanta. Na dama kuwa farata ne masu tsawo, an goge su sumul, kowanne an karkata bakinsa gefe ɗaya. Duk wanda ya tashi a unguwar Santiago ya san hannun makaɗin jita ne kaɗai ke kama da haka.

Baba Bastián ya daɗe yana kallo.

"Shekara nawa ina cin tuwon hannayen nan," ya ce a hankali, "ban taɓa dubansu ba."

Ya saki takardar ta faɗi. Har ya juya, sai ya waiwayo wajen Don Casimiro.

"Kuma ko satar ba ku iya ba. A bugu na goma mahaifina yakan tsaya ya ja numfashi. Kai ka wuce a guje kamar kare ya biyo ka da jakar wasiƙu."

Ba wanda ya yi dariya. Ƙarar sandarsa kaɗai ake ji tana sauka a matakala.

*

Tukunyar waken Lahadi ta huce a kan murhu ba wanda ya buɗe ta.

Kaka Frasco bai bar wa zuri'arsa gona ba, bai bar doki ba. Take ɗaya ya bari, ɗan gajeren zubin jita da ake sakawa a tsakanin baitocin mawaƙi idan ana waƙar da ake kira soleá, wanda tsofaffi suka ce yana sa ƙato ya nemi hankici. Masu ɗaukar faifai sun zo daga Madrid sau biyu, ya sallame su daga bakin ƙofa. Uba ne ke ba ɗa, kunne da kunne, ɗaki a rufe. Frasco ya ba Bastián, Bastián ya ba Lolo, yayan Regla. Shekara shida ke nan da babur ya kayar da Lolo a hanyar Sanlúcar. Ranar da aka binne shi Baba Bastián ya rataye jitarsa a bango, ya ce taken ya bi mai shi.

"Wa ya koya miki?" Yana zaune a kan teburin kicin, ita tana tsaye. "Lolo?"

"Kai ne, Baba."

"Ƙarya kike!"

"Kai ne. Kana ciki kana koya masa, ni ina kan matakala ina feren dankali. Ƙofar ɗakin nan ba ta rufuwa sosai, kai ma ka sani. Sai ka maimaita masa sau ashirin bai kama ba, ni kuwa tun a na uku ya zauna min." Hawaye suka zubo mata. "Ina da shekara tara. Kullum ina jira ka buɗe ƙofa ka ce, ke kuma me kike yi a nan, shigo. Ba ka taɓa buɗewa ba."

"Mace a gidan nan tana rawa, tana waƙa, tana tafi. Ba ta rungumar katako ta buɗe ƙafa a gaban maza."

"Baba, shekarata ashirin da bakwai. Ɗalibaina goma sha huɗu."

"Ɗalibai!" in ji Gwaggo Curra, ƙanwar mahaifinta, wadda ta riƙe gidan tun rasuwar mahaifiyar Regla. "Tsofaffin masu fansho da matan likitoci. Ke ko kunya ba ki ji ba, 'yar nan? Kin ɗauki abin da aka binne da ɗan'uwanki kin kai wa baƙon Salamanca, mai ɗora ƙafa a kan ɗan benci yana kiɗa kamar mai ciwon gwiwa!"

"Ban ba shi ba, Gwaggo! Na rantse da matattunmu ban ba shi ba!"

"To ta taga ya shiga kunnensa?"

Regla ta kau da kai. Ita ma tambayar ke cin ta.

Baba Bastián ya miƙe da kyar, ya jawo aljihun kabad, ya ɗauko almakashin ɗinkin marigayiya matarsa. Ya ajiye shi a tsakiyar tebur, a kan ledar da ke shimfiɗe.

Gwaggo Curra ta dafe ƙirji. Launin fuskarta ya sauya.

"Bastián, a'a. Kada ka sake yin wannan. Sau ɗaya bai ishe mu ba?"

"Rufe min baki, Curra."

Ya dubi 'yarsa. Ba fushi a idonsa yanzu, kuma wannan ya fi ba ta tsoro.

"Ba zan taɓa ki ba. Da hannunki za ki yi. Gobe kafin ƙararrawar coci ta buga sha biyun rana, ki yanke faratan nan, ki kawo min a tafin hannunki, ki manta hanyar makarantar nan da mai ita. Idan ta buga suna jikinki, kada ki hawo matakalata. Na taɓa binne ɗa, na san yadda ake yi."

"Baba, jarrabawata saura kwana tara. Farce sai ya yi sati shida kafin..."

"Na sani," ya ce. "Ni ma makaɗi ne."

*

A tsakar gida, gindin bishiyar lemon tsami, Quino yana jiran ta. Ɗan Gwaggo Curra ne, mawaƙi, mai sarƙar zinare da murya irin wadda ke sa 'yan yawon buɗe ido su manta abincinsu. Sau uku yana aiko mahaifiyarsa da maganar aure, sau uku Regla tana cewa ba yanzu ba.

"Malama!" Ya cire hula ya rusuna. "Ashe da farfesa muke kwana a gida ba mu sani ba. A koya min mana, ko sai na sayo ɗan bencin ɗora ƙafa?"

"Quino, ba yau ba."

"Yau ɗin dai, taubashiya, gobe ai an yi miki aski." Sai ya bar wasan, ya matso. "Saurara. Ni na daɗe da sani. Tun muna yara na gan ki a soro da jitar Lolo, ban faɗa wa kowa ba. Ki yanke su gobe, Kawu ya huce. Farce ne, ba yatsa ba, zai fito. Mu yi aure a lokacin kaka. A gidana ki tara su har su kai na mikiya, ki kaɗa min a kicin, in yi miki waƙa. Wa zai ji?"

"Shi ke nan fa. Wa zai ji?"

"To me kike nema? Taro?"

"Ina neman in zauna gaban mutum wanda yatsunsa ba su san komai ba, bayan wata shida in ji ya fitar da abu. Ka san Don Casimiro da ya zo ko tafi ba ya iya yi daidai? Matarsa ta rasu, gida ya yi masa faɗi. Yanzu yana ƙirga bugu sha biyu na kiɗanmu a cikin barcinsa."

"Ya ƙirga mana har cikin kabarin Lolo." Quino ya mayar da hularsa. "Ki tambayi kanki abu ɗaya. Ni na riƙe sirrinki shekara goma sha biyar. Shi naki na Salamanca wata nawa ya riƙe?"

Ya fita yana fito. Maganar ta zauna mata a ƙirji kamar ƙaya.

Ta hau ɗakinta ta rufe. Unguwa ta yi tsit da barcin rana, tagogi duk a sauke. Wayarta ta yi ta haske a kan gado, Eloy, Eloy, Eloy, har sau goma sha ɗaya, ba ta ɗauka ba. Ta so a ce akwai mutum ɗaya a duniya da za ta kira ta ce, me zan yi? Mahaifiyarta tana maƙabarta. Lolo yana gefenta. Ƙawayenta duk sun yi aure a cikin dangi, kuma kafin yamma kowace mijinta zai gaya mata kada ta ɗauki kiran Regla.

Daga ƙasa ta ji Gwaggo tana jera faranti. Ta ƙirga ƙarar. Biyu aka ajiye.

*

Washegari da hantsi ta sauko. Mahaifinta yana zaune inda ta bar shi, burodinsa da man zaitun a gabansa bai taɓa ba. Ta ɗauki almakashin ta saka a jaka. Bai ɗago ba.

Makarantar ɗaki biyu ce a saman shagon mai gyaran takalma. Ta tarar da Eloy a zaune a ƙasa, bayansa jingine da bango, rigar jiya a jikinsa. Ya zabura.

"Regla..."

"Zauna. Tambaya ɗaya na zo da ita. Yaya aka yi?"

Ya sunkuyar da kai.

"Bangon nan na katako ne. Duk ranar Alhamis idan ɗalibanki sun tafi, kina kaɗa shi sau ɗaya kafin ki rufe jita. Ni ina wancan ɗakin."

"Ka san mene ne. Na gaya maka. A bakin kogi na gaya maka, na ce wannan ko kai ba zan kaɗa maka ba."

"Kin gaya min."

"To?"

"Kin tuna watan Fabrairu, da zazzaɓi ya kwantar da ke kwana goma? Ban isa in zo gidanku ba. Ban isa in buga waya ba. Ina zaune a nan ina tunanin idan wani abu ya same ki fa? Hannun mahaifinki ya riga ya ƙage. Yayanki ya tafi. Abu mafi kyau da na taɓa ji a rayuwata yana rataye a jikin mutum ɗaya, mutumin kuma yana kwance. A inda na yi karatu, Regla, abin da ake ƙauna shi ake rubutawa. Kiɗan da nake koyarwa, masu shi sun mutu shekara ɗari uku, amma ga su a kabad ɗin can, da rai. Na ɗauka kyauta nake yi miki. Na ce sai ranar aurenmu zan ba ki."

"Ranar aurenmu." Ta yi wata dariya mai haɗe da kuka. "Ka ɗauki gawar ɗan'uwana ka naɗe a takarda za ka ba ni a matsayin kayan lefe."

"Ban gan shi haka ba."

"Na sani! Abin da ke kashe ni ke nan, ba ka gan shi haka ba! Shekara biyu ina koya maka ƙirgen sha biyu, kana koya min karatun ɗige-ɗigenka. Na ɗauka mun haɗu a tsakiya. Ashe kai kana can gefenka, kana kallona kamar tsohon gini da za a ɗauki hotonsa kafin ya rushe."

"Wallahi ba haka ba ne."

"A wurinmu abin da aka rubuta ya zama na kowa. Abin da ya zama na kowa kuwa ba na kowa ba ne. Da kunne ake karɓarsa don sai ka zauna gaban mai shi, ka sha faɗansa, ka san ranar da ya yi kuka da shi. Ni ban samu zama a gaban ba, a bayan ƙofa na karɓa, amma na biya. Kai me ka biya?"

Eloy ya share fuska da hannun riga.

"Zan ƙone ta. A gaban mahaifinki zan ƙone ta."

"Ina take?"

Ya kawar da ido.

"Eloy, ina take?"

"Na bar ta a cikin littafin darasi, Don Casimiro ya ara. Ya ga sunanki, ya yi murna. Ya buga kwafi goma sha uku. Ya bi gidajen ɗalibanki ɗaya bayan ɗaya ya saka musu a akwatin wasiƙa. Ya ce hannunsa ya saba."

Regla ta zauna a kan kujerar koyarwa.

"Kuma jikar wata ta ɗauki abin da ya faru jiya a waya," ya ƙara da ƙaramar murya. "Ya bazu."

Agogon bango ya nuna sha biyu saura kwata.

Eloy ya durƙusa a gabanta.

"Na yi tunani. Zan rufe makarantar in koma Salamanca. Idan na tafi mahaifinki zai sauko. Ki yanke su, ki koma gida, jarrabawa akwai ta baɗi. Ba zan iya zama dalilin da zai raba ki da danginki ba."

Ta dube shi kamar yau ta fara ganinsa.

"Baba ya yanke min hukunci. Quino ya yanke min. Yanzu kai ma ka kwana kana yanke min, har da ranar tafiya. Akwai wanda zai tambaye ni?"

"Me kike so?"

"Ka makara da tambayar. Fita."

"Regla, don Allah..."

"Ina sonka, Eloy, kuma yau ba na son ganin fuskarka. Duka biyun gaskiya ne. Fita ka bar min ɗakina."

Ya fita. Ta ji ya sauka matakala, ta ji ƙofar titi ta rufe.

Ta ciro almakashin. Hannun roba ja ne, har yanzu da ɗan zaren da mahaifiyarta ta ɗaura masa don kada maƙwabta su tafi da shi. Ta buɗe bakinsa ta saka farcen babban yatsa a tsakani, wanda ya fi kowanne aiki, wanda ta yi wata uku tana gyara karkatarsa. Ƙarfen ya yi sanyi.

Dannawa ɗaya, ta ci abincin rana a gida. Faranti uku.

Ta tuna matakalar nan, da kwanon dankali a cinyarta, da ƙofar da ba ta rufuwa sosai. Idan ta yanke, can za ta koma. Za ta tsufa a kan matakalar.

Ƙararrawa ta fara bugawa.

Ta ƙirga, don jikinta ba ya iya jin sha biyu bai ƙirga ba. Bakwai. Takwas. Tara. A ta goma ta ja numfashi ta riƙe. Sha ɗaya. Sha biyu.

Ƙarar ta mutu a kan rufin gidaje. Regla ta zare yatsanta, ta rufe almakashin, ta ajiye. Ta kifa kai a kan gwiwa ta yi kuka irin wanda ba ta yi ba tun jana'izar Lolo, kuma ba wanda ya ji, sai mai gyaran takalma a ƙasa, shi ma ya ƙara ƙarfin gudumarsa don ya ba ta sutura.

*

Ƙarfe ɗaya aka ƙwanƙwasa. Don Casimiro ne, da kwat ɗin zuwa coci, hula a hannu, da ambulan a ɗaya hannun.

"Malama, na bi na karɓo. Goma sha ɗaya na samu. Biyu sun ce sun ba wasu." Idonsa ya yi ja. "Shekara talatin da takwas ban taɓa kai wasiƙa gidan da ba nata ba, sai da na tsufa. Na zo in ce miki na bar jita. Na sa ta a kasuwa."

Regla ta goge ido. Ta ɗauko 'yar samfefar da take gyaran farce da ita, ta shafa bakin babban yatsan inda ƙarfe ya ɗan karce shi.

"Don Casimiro, yau wace rana?"

"Litinin."

"Ƙarfe ɗaya na Litinin darasin wa?"

"Nawa ne, amma..."

"To zauna. Ɗauki ta bango. Ture bencin nan, ɗora ƙafa kan ƙafa, ba coci muke ba." Ta karɓi ambulan ɗin ta kife shi a ƙasa. "Ya riga ya fita, ba mai mayar da shi. Amma ba zai yi yawo a gari da ƙafa ɗaya ba. Idan za a kaɗa taken kakana, za a kaɗa shi daidai. Kada ka kalli komai sai hannuna."

"Mahaifinki fa?"

"Ba ni da inda zan ci abincin rana, don haka muna da lokaci. Saurara."

Ta rungumi jita. Karo na farko a rayuwarta ta kaɗa shi ƙofa a buɗe, da mutum a gabanta. Babban yatsa ya sauka a kan tsirkiyoyin sama, sautin ya fito da kauri, ya gangara a hankali kamar mai saukowa daga tudu da kaya. A bugu na goma ta tsaya, ta ja numfashi, ta sauke.

Don Casimiro ya nemi hankicinsa.

"Kin yi gaggawa."

Muryar daga bakin ƙofa ta fito. Su duka suka juya.

Wata tsohuwa ce doguwa, siririya, cikin baƙaƙen kaya, furfura a ɗaure tamau a ƙeya. Tikitin jirgin ƙasan Cádiz yana leƙowa daga aljihunta, a hannun hagu kuma tana riƙe da gidan jita wanda fatarsa ta ƙoƙe. Regla ba ta taɓa ganinta ba. Amma ta san goshin nan. Na mahaifinta ne, kullum tana ganinsa a teburin kicin.

"Numfashin ya fi haka tsawo," in ji tsohuwar. "Bastián ne ya gajarta shi, tun yana yaro ba shi da haƙuri. Ke kuma a wurinsa kika ji."

Regla ta miƙe, jita a hannu.

"Baiwar Allah, wace ce ke? A ina kika san taken Kaka Frasco?"

"Taken Frasco." Tsohuwar ta yi murmushin da babu daɗi a cikinsa. Idonta ya sauka a kan almakashin da ke kan kujera, ya daɗe a can. "Na wancan lokacin baƙi ne, na yankan kifi. Da shi aka yanke min nawa a kan teburin kicin, Curra tana riƙe da fitila tana kuka."

Ta ɗago hannun dama. Farata huɗu masu tsawo, a goge sumul, kowanne an karkata bakinsa gefe ɗaya. Babban yatsan kuwa ba farce a jikinsa sam, sai tabo.

"Sunana Salvadora, yayar mahaifinki. Na san an ce miki na mutu ina ƙarama, idan ma an taɓa ambatona. Jiya maƙwabciyata ta nuna min ƙanena a waya yana yi wa mutane ihu a kan kayan da ba nasa ba." Ta ajiye gidan jitar a ƙasa. "Mahaifinmu bai ƙirƙiri taken nan ba, 'yata. Ni na yi shi, ina da shekara goma sha shida. Ɗauko jakarki. Shekara arba'in da tara ban hau matakalar gidan nan ba, kuma ba ni kaɗai zan hau ta ba."